Goyo da Famfon Zuciya

Da Fiddausi ta san shirunta zai zama amsa, da ta yi magana ko da muryarta za ta fito tana rawa. Amma a gaban Inna aka yi mata tambayar, kuma a kan ɗan fari. Suna zaune a falon gidan hayarsu da ke can saman wani tsohon bene a bayan unguwar Dokki ta birnin Alƙahira, fanka tana ta juya iska mai zafi, sai mijinta Ukasha ya rufe littafin da ke cinyarsa ya ce, "Inna tana ganin gara ta tafi gida da yaron nan kafin azumi, ya zauna a wajenta har ki samu ƙarfi. Me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Me yarinyar da aka raina a Bakori za ta ce? Ɗan fari ba a ambatar sunansa, ba a yi masa wasa a gaban manya, balle a buɗe baki a gaban uwar miji a ce ana son sa. Tun da Inna ta sauka Alƙahira, Fiddausi ba ta taɓa ɗaukar yaron a gabanta ba sai idan miƙo mata shi aka yi, kuma da ta ba shi madara sai ta mayar da shi kamar kayan aro. Sai an rufe ƙofar ɗaki take cusa hancinta a wuyansa, ta yi ta raɗa masa sunansa.

"Ka gani ko?" in ji Inna. "'Yar mutunci ce. Na faɗa maka ba za ta ja da ni ba."

Shi kuwa Ukasha, mutumin da ya shekara da shekaru yana karatun fiƙihu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Khalas, shi ke nan, tunda ta yi shiru ta yarda." Ya sake buɗe littafinsa.

Ba wai Inna ba ta da hujja ba. Bayan haihuwar Sulaimanu da 'yan makonni ƙafafun Fiddausi suka kumbura, numfashi ya gagare ta, har ta kai ba ta iya kwanciya sai a zaune. Likitocin wani asibiti a unguwar Mohandessin suka ce zuciyarta ce ta saki, ta zama kamar tsohuwar roba, ba ta iya tura jini. Magani ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gaza. Daga nan wata gidauniya ta ɗauki nauyin aiki, aka tsaga ƙirjinta aka dasa mata ƙaramin famfo a jikin zuciyar, yana zuƙo jinin yana turawa. Daga famfon wata igiya ta fito ta fatar cikinta ta gefen dama, ta shiga wata 'yar na'ura, na'urar kuma tana shan wuta daga batura biyu. Duk a jaka ɗaya suke, jakar da ba ta rabuwa da kafaɗarta. Idan za ta kwanta sai ta jona kanta da wani akwati da ke haɗe da bango. Likitoci sun ce wataƙila zuciyar ta huta ta farfaɗo a cire famfon, wataƙila kuma a'a.

Ranar da Inna ta iso daga Malumfashi, ta kama wuyan hannun Fiddausi tana yi mata sannu, sai ta tsaya. Ta danna, ta sake dannawa, ba ta ji bugun komai ba. Ta yi salati ta ja da baya. Sai da Ukasha ya yi ta bayani cewa famfon a miƙe yake tura jini, ba ya bugawa. Inna ta kara kunnenta a ƙirjin surukarta, ta saurara, ta ɗago ta ce, "Ikon Allah. Sai ka ce firji."

Tun daga ranar take kallon Fiddausi kamar ƙwan da ya tsage. Ba ta bari ta ɗauki tukunya, ba ta bari ta yi shara. Kullum da safe, idan Fiddausi ta sa takunkumi ta wanke hannu za ta canja audugar bakin igiyar, Inna sai ta kwashi yaron ta fita baranda tana jan carbi. Magungunan sun ƙafar da nono tuntuni, saboda haka a lissafin Inna an riga an yaye shi, yaron da aka yaye kuwa wajen kakarsa yake zuwa.

Bazarar shekarar 2014 ce, lokacin da ake ɗauke wuta a Alƙahira ba dare ba rana. Kwana biyu bayan wancan zaman, da azahar, Fiddausi ta kishingiɗa a kan katifa ta jona kanta da bango, Sulaimanu yana ƙasa yana gwagwiyar murfin roba. Fanka ta yi wani gunji ta tsaya. Nan take akwatin ya fara kuwwa. Ba ta firgita ba, ta saba. Ta jawo jakar baturan, ta zare waya ɗaya daga akwatin ta soka a batir, don ba a taɓa zare biyun lokaci guda. Tana riƙe da ta biyun ke nan ta ji an fizgi cikinta. Yaron ne ya rarrafo, ya dafa katifa, ya damƙi igiyar da hannu biyu yana dariya, yana neman kai ta baki.

Mannin da ke riƙe igiyar a fatarta bai saki ba. Amma kafin ta ce komai Inna ta faɗo ɗakin, ta ɓamɓare yatsun yaron ɗaya bayan ɗaya, ta sure shi. Ya tsala ihu. Fiddausi ta ƙarasa jona wayar, kuwwar ta yi shiru, ya rage sai kukan yaro da numfashin tsohuwa.

"Kin gani da idonki," in ji Inna. "Yau rarrafe yake yi. Gobe in ya miƙe fa? Ranki a hannun jariri, 'yar nan! In ya tsinke abin nan, ya girma a ce masa shi ya kashe uwarsa?"

Fiddausi ta sunkuyar da kai. Wannan karon ba kunya ba ce kaɗai, maganar ta shige ta.

Da Ukasha ya dawo daga jami'a Inna ta labarta masa, ta ƙara da cewa gobe da safe a kai yaron a ɗauki hotonsa na fasfo, a daina jan jiki. Inna ba ta kiran Ukasha da sunansa, shi ma ɗan fari ne. Na-Goggo take ce masa, don a hannun kakarsa Goggo ya tashi tun daga yaye. Fiddausi ta daɗe tana lura da su. Kullum yana durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, ya tambayi ko akwai abin da take buƙata, ta ce babu, shi ke nan hira ta ƙare. Ba ta taɓa jin sun yi dariya tare ba.

Bayan la'asar ta ɗauki wani kwano ta ce za ta mayar wa maƙwabciya. Ƙofar da ke kallon tasu ta Mahasin ce, wata Bahausar Sudan mai yi wa amare lalle, wadda kakanninta suka taso za su hajji da ƙafa suka yada zango a bakin Nilu, ba su ƙarasa ba kuma ba su koma ba.

"Ahlan da mai caji!" in ji Mahasin tana buɗe ƙofa, yatsunta baƙi ƙirin da dayis. "Wutarku ta dawo, ko in ara miki tawa?"

Fiddausi ta yi niyyar murmushi, sai hawaye suka riga shi fitowa. Mahasin ta jawo ta ciki, ta zaunar da ita, ta ji labari tun daga farko. Da aka zo wurin shirun sai ta tafa hannu.

"Ya zola, ke baiwar Allah! An ce za a ɗauke ɗanki kin yi shiru?"

"A gaban Inna fa, Anti Mahasin. Ɗan fari ne."

"To ɗan farin a kasuwa kika saye shi? Mu ma muna da wannan kunyar, kakata har ta mutu ba ta faɗi sunan babana ba. Amma ita ba jirgi aka sa shi ba, gidan bayansu aka kai shi. Ke in ya tafi, yaushe za ki bi shi? Akwai mai duba famfonki a Malumfashi?"

Babu. Likitoci sun faɗa mata a fili: muddin famfon yana jikinta, ba za ta yi nisa da asibitin da ya san shi ba. Idan Sulaimanu ya hau jirgin nan, ba ta san ranar da za ta sake ganin sa ba, kuma ba ta san ko akwai ranar ba.

"Amma Inna tana da gaskiya," in ji ta. "Ya kama igiyar. Zai sake kamawa."

"To ɗaure masa hannu."

"Anti!"

"Wasa nake yi, ya bitti, 'yata. Sha shayi."

Ba ta sha ba. Idonta yana kan wani zane da aka shanya a bayan kujera, tana tunanin igiyar da inda take fitowa. A gaba take, a ƙasan haƙarƙari. Duk abin da ya faru yau ya faru ne don yaron yana ƙasa, a gabanta, ita kuma hannuwanta a cike. Yaron da ke baya kuwa hannunsa ba ya kaiwa can.

"Ara min zanen nan," ta ce. "Da wani abu mai nauyinsa."

Mahasin ta ɗauko buhun shinkafar da ta sayo a makon, suka naɗe shi da tawul. Karon farko zanen ya sauko ya danne igiyar, Fiddausi ta ce a kwance da sauri. Na biyu maratayin jakar ya shige ƙarƙashin buhun, da ta motsa sai ya ja na'urar baya. Suka mayar da jakar gaba, suka ɗaure ta a ƙugu ta gefen hagu, suka ɗaga zanen can sama da ƙirji, majanyi kuma ya bi ta ƙarƙashin hammata maimakon ciki. Mahasin tana ɗauri tana yi wa buhun wasa, tana ce masa ya yi haƙuri uwarsa sabuwar shiga ce.

Fiddausi ta kira nas ɗin da ke kula da masu famfo a asibiti. Ta yi ta neman yadda ake cewa goyo da Larabcin Masar ta rasa, ƙarshe Mahasin ta ɗauke ta hoto da buhun a baya suka tura. Nas ɗin ta yi dariya har tana tari, sannan ta ce ƙashin ƙirjin ya warke tuntuni. Muddin zanen bai taɓa bakin igiyar ba, kuma da ta ji jiri za ta zauna, ita ba ta ga abin hanawa ba. Ta ce ranar duba ta zo da yaron na gaske su gani.

Washegari da hantsi, ba wuta kamar kullum. Ukasha ya sa jallabiyarsa yana tsaye bakin ƙofa yana duba waya. Inna ta yi wa yaron wanka, ta shafa masa hoda, ta sa masa kwalli, ta ajiye shi a kan kujera ta juya za ta ɗauko zanen goyonta. Fiddausi ta fito daga ɗaki, jakarta a gaba, zanen Mahasin a kafaɗa. Ta wuce kai tsaye ta tsaya gaban kujerar.

"Sulaimanu," ta ce, "zo."

Ukasha ya ɗago daga wayar. Inna ta juyo a hankali kamar wadda aka kira daga nesa.

"Me kika ce?"

Fiddausi ta kama yaron ta hammata, ta sunkuya, ta ɗora shi a bayanta. Ya yi nauyi fiye da buhun, ga ɗumi, ga motsi. Ta ja zanen sama ta soke, ta bi da majanyi kamar yadda suka gwada. Yaron ya kwantar da kuncinsa a tsakiyar bayanta, ya yi lamo, ƙila gunjin famfon yake saurare.

"Fiddausi, lafiya?" in ji Ukasha. "Sauke shi mana, Inna za ta goya shi. Mai hoton yana jira."

"Ba za a yi hoton ba, Malam."

"Amma kin yarda. A gabana aka yi."

"Ban yarda ba. Shiru na yi. Ka tambaye ni a gaban mahaifiyarka, a kan ɗan fari, me kake so in ce? Duk littattafan nan naka babu wanda ya gaya maka bambancin kunya da yarda?"

Inna ta saki zanen da ke hannunta ya faɗi ƙasa.

"Lallai Masar ta buɗe miki ido," ta ce. "A gabana kike kiran sunan ɗan fari? A gabana kike goya shi? Uwarki ta ji wannan, ina za ta sa kanta?"

"Ki yafe min, Inna. Ban iya rashin kunya ba, yau na fara." Ta gyara zaman yaron a bayanta ta ci gaba. "Amma ɗana ne. Ina son sa. Ba inda za shi."

"Wa ya ce ba ɗanki ba ne? Ni ma ai na bayar da nawa, ban mutu ba. Ga shi nan tsaye, ya zama malami. Ke mutum ce da ake jonawa da bango, 'yar nan. Jiya ba don Allah ya kawo ni ba fa?"

"Jiya yana ƙasa ne. Duba, Inna, hannunsa ba ya kaiwa." Ta juya gefe ta nuna inda igiyar take a lulluɓe, da inda ƙafar yaron ta tsaya. "In zan canja batir zan goya shi. In ya fara tafiya zan koya masa kamar yadda ake koya wa yaro wuta."

"In kika faɗi da shi fa?"

"Zan zauna kafin in faɗi."

"In famfon ya tsaya fa?"

Ukasha ya ce, "Subhanallah, Inna."

"Bar ta ta faɗa, Malam, gaskiya ce." Fiddausi ta ɗago ido ta kalli surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba. "Zai iya tsayawa. Shi ya sa ba zan bayar ba. Ke da kika bayar da naki kina da tabbacin za ki gan shi ya girma. Ni ba ni da shi. Kuma in Allah ya ja kwanana, ba na so ya riƙa durƙusa min kullum yana tambayar ko ina da buƙata, in ce babu, mu rasa abin cewa."

Ta san ta wuce iyaka tun kafin ta rufe baki. Fuskar Inna ta canja. Ba ta kalli Ukasha ba, shi ma bai kalle ta ba, ya zuba wa tabarma ido. Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauki zanenta, ta ninke shi da kyau, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Fiddausi ta zura hijabi ya rufe su duka, ta fito da kan yaron, ta sa takalmi.

"Ina kuma za ki?" in ji Ukasha da ƙaramar murya.

"Sayo gurasa. Ta ƙare."

"Lif ba ya aiki."

"Na sani."

Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka. Shi kuma ya tsaya tsakanin ƙofar da aka rufe da wadda aka buɗe, can ya suri jakar baturan ko-ta-kwana ya biyo ta. Mahasin ta leƙo ta tsagar ƙofarta ta yi wata 'yar guɗa ƙasa-ƙasa, Ukasha ya yi kamar bai ji ba. A kowane hawa sai Fiddausi ta tsaya ta huta, gumi yana bin wuyanta. Sau biyu yana miƙo hannu zai karɓi yaron, tana girgiza kai.

"Ba ki kyauta wa Inna ba," ya ce a hawa na ƙarshe.

"Na sani. Zan durƙusa in ba ta haƙuri, yau da gobe da jibi. Amma da shi a bayana zan durƙusa."

Suka ƙarasa sauka. Sannan ya ce, "Da na tambaye ki a ɗaki."

"Da ka tambaye ni a ɗaki."

Suka fito titi, rana ta mare su. Matar mai gadin benen, da ke zaune tana gyaran ganyen miya, ta saki baki tana kallon ɗan kan da ya leƙo daga hijabi, ta ce masha Allah, ashe haka ake ɗaukar yara a ƙasarsu. Fiddausi ta amsa mata da murmushi ta miƙe hanyar gidan gurasa.

Ba ta yi nisa ba ta ji wani abu yana gogar bango a samansu. Kwandon da ake zurowa da igiya daga baranda ne, irin wanda matan unguwar ke sayen kayan miya da shi ba sai sun sauko ba. Yana saukowa yana lilo har ya tsaya daidai kan Ukasha. A cikinsa akwai 'yar hular yaro. Can sama Inna ce riƙe da igiyar, fuskarta a murtuke.

"Na-Goggo!" ta ƙwala, har masu shago suka ɗaga kai. "Ka gaya wa matarka, tunda ta ƙi bayarwa sai ta riƙe shi da kyau! Haka ake fita da yaro cikin rana kai a buɗe?"

Ukasha ya ɗauki hular ya tsaya yana jujjuya ta. Fiddausi ta juya masa baya ta ɗan rusuna.

"Sa masa mana, Malam," ta ce. "Yalla, yi sauri, kafin layi ya yi tsawo."